Katunan matan da ke karatu: yadda muka kwashe da wani mai ɗab'i a Maraɗi

A ƙasan akwatin zannuwana akwai wani gwangwanin biskit da fentinsa ya fara ɓarewa. Ba kuɗi a ciki, ba zinari. Katunan gidan waya ne, waɗanda mu nan muke ce wa kart postal, kuma kowannensu zanen mace ne tana karatu. Na farko yayana ne ya aiko mini da shi lokacin da aka tura shi kwas Faransa, ina sabuwar malama a lakwal. Zanen Renoir ne, wanda ke gidan adana zane na Orsay a Paris: wata budurwa ta kusa cusa hancinta cikin littafi, hasken da ya bugi takardar ya dawo ya haska mata fuska. A bayan katin bai gaishe ni ba, bai tambayi mutanen gida ba. Kalma uku ya rubuta: "Ga ƴar'uwarki nan." Don tun muna yara ni ce wadda tuwo ke kamawa a hannunta saboda littafi, kuma na sha muciya a kan haka.

Daga nan abin ya zame mini jaraba. Duk wanda na ji zai je ƙasar Turawa, ba turare nake roƙo ba, ba jaka ba, kati nake cewa a sayo mini. Wasu su manta, wasu su kawo mini hasumiyar Eiffel su ce ai duk kati kati ne. Cikin shekara ashirin da ƴan kai, goma sha tara na tara. A Maraɗi ba inda ake sayar da irinsu. Na zagaya shagunan littattafai na kewayen babbar kasuwa, kaye ne da bik da littattafan lakwal, sai kalanda. A Yamai ma abin da na samu katunan raƙuman dawa na Kure ne da masallacin Agadas. Masu kyau ne, amma ba su nake nema ba.

Ɗiyar ƙanwata, da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ita ta buɗe mini ido. Ta same ni wata Lahadi na baza su bisa tabarma ina goge musu ƙura, ta ce, "Inna, ai waɗannan hotunan kyauta ake ba da su yanzu." Na ɗauka wasa take. Ta nuna mini a wayarta: gidan adana zane na Rijksmuseum da ke Amsterdam ya daɗe da sakin hotunan tsofaffin zanensa a intanet, kowa ya sauke ya yi abin da yake so da su. Gidan Metropolitan na New York ya yi haka a 2017, na Cleveland a 2019, haka babban gidan zane na ƙasar Amurka da ke Washinton, da na Chicago. Masu zanen sun mutu tun da daɗewa, haƙƙin mallaka ya faɗi, ba sata ba ce. Dare uku muka yi muna zaɓe, sai bayan sha ɗaya lokacin da rezo ke sakin jiki, muka ƙone mega ba adadi. Ita ta yi mini lissafi cewa katin gidan waya santimita 10,5 ne a 14,8, kuma in ana son ya fito tas to hoton kada ya gaza ƙwayoyi 1240 a 1748, waɗannan da ƴan kwamfuta ke kira fiksel. Muka tsayar da guda arba'in, ta zuba mini su a ƴar kile.

Shagon da na kai su ba zan faɗi sunansa ba, don akwai yabo akwai kuka a abin da zan ce, kuma mutumin yana da iyali. Yana kan hanyar da ta fito daga unguwar Zariya ta nufi babbar kasuwa. Aikinsa katin gayyatar aure ne, da na suna, da kalandar ƴan kasuwa, da manyan ledojin nan da ake ratayawa ranar saukar Alƙur'ani. Ɗaki ɗaya ne da ƴar baranda, injin bugawa babba guda, injin yanka takarda a kusurwa, da wani yaro a gaban kwamfuta. Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana.

Da hotunan suka buɗe ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Madam, mi za a yi da su? Biki ne?" Na ce ba biki, ajiyewa zan yi. Ya ce, "Ajiya kawai?" Na ce ajiya kawai. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya ga abubuwa da yawa a duniya, ya ce kati guda gaba da baya dala hamsin, wato sefa 250, a takarda mai kauri ta giram 300. Arba'in jika goma ke nan. Ban yi ciniki sosai ba, abin da na nema shi ne ya fara buga mini huɗu in gani kafin a yi sauran. Ya yarda, ya ce jika guda daban. Wannan jikar ita ce kuɗin da na fi morewa a duk aikin, don gani ya kori ji.

Bari in fara da abin da ya yi daidai. Takardarsa ta ƙwarai ce. Na zo da katin Renoir na asali a jakata, na haɗa su baki da baki, na lanƙwasa wannan na lanƙwasa wancan, kaurinsu ɗaya. Yankansa kuma ba karkata, ba gashi-gashi a gefe. Katuna arba'in ka jera su ka buga a tebur, su tsaya kamar bulo ɗaya. Wanda ya taɓa karɓo katin aure ya ga rabinsu sun fi rabi tsawo ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai launuka masu zafi. A nan injinsa sarki ne. Akwai zanen Fragonard, Bafaranshe da aka haifa a 1732 ya mutu a 1806, wanda ya yi wajen 1769, yanzu yana Washinton. Yarinya ce a zaune ta ba mu gefen fuska, riga ruwan ɗorawa, farar kwala mai tattara a wuya, ƙaton matashi a bayanta, ta riƙe ɗan ƙaramin littafi da hannu guda, ƙaramin yatsanta ya lanƙwashe kamar mai shan shayi a gidan surukai. Na daɗe ina son katin nan ban samu ba. Da ya fito daga inji sai da na yi salati. Rawayar nan ta fito da ɗuminta, har ana ganin sawun burushi inda mai zanen ya ja fenti da sauri a hannun riga. In ka kawo katin kusa da ido za ka ga ba haruffa a littafin, ƴan layuka ne kawai ya zizara, amma daga nesa ka rantse karatu ake. An taɓa haska zanen da na'urar ganin ƙashi irin ta asibiti, aka tarar a ƙarƙashin wannan fuskar akwai wata da ya fara zanawa, tana kallon mai kallo. Daga baya ya shafe ta, ya maida idon kan littafi. Ni dai na gode masa da ya sake shawara. Mace mai riƙe da littafi tana kallon mutane, hoto ta tsaya a ɗauke ta. Wadda ta manta da kai gaba ɗaya ita ce ke karatu, kuma ita nake tarawa.

Haka zanen Corot da ke Chicago, na wajen 1870, ya fito lafiya: mace ta sauke littafi bisa cinya, ta tallafe kai da hannu, fuska ba walwala. Sunansa ma karatun da aka katse. Duk matar da ta taɓa buɗe littafi aka ƙwala mata kira daga tsakar gida cewa gishiri ya ƙare ta san fuskar nan.

To, sai shuɗi. A nan muka ɓata.

Vermeer, mutumin Delft a ƙasar Holan, yana da zanen wata mata cikin shuɗiyar riga tana tsaye tana karanta wasiƙa, na wajen 1663, yana Amsterdam. Ta riƙe takardar da hannu biyu daf da ƙirji, taswira a bangon bayanta, kujeru ma shuɗɗa, har inuwar bango da ɗan shuɗi-shuɗi a cikinta. Shuɗin da ya yi aiki da shi daga wani dutse ake niƙo shi da ake haƙowa a duwatsun Afganistan, kuma a zamanin yana cikin fenti mafi tsada a duniya. Duk zanen a kan launin nan ya tsaya. Abin da injin ya ba ni kuwa riga ce ruwan bula da ta sha wanki, ta ɗan karkata zuwa shunayya. Kamar ka ba da shadda a kai marina a yi mata baba mai kyau a buga, a dawo maka da ita an tsoma a ruwan bular wanki.

Na nuna masa wayar, na nuna masa katin. Bai yi musu ba, kuma wannan na yaba. Ya ce, "Madam, waya da haske take yin launi, mu da tawada. Ba za su zo ɗaya ba." Gaskiyarsa. Gilashin waya yana haɗa hasken ja da kore da shuɗi, inji kuwa tawada huɗu gare shi: shuɗi mai haske, ja mai hoda-hoda, rawaya da baƙi. Akwai shuɗi mai zurfi da haske ke yi wanda tawadar nan huɗu ba ta kai gare shi ko an kwana ana haɗawa. Amma katunan da ake sayarwa a gidajen zane su ma da tawada aka buga su, ina da shaida a gwangwani, kuma shuɗinsu bai mutu haka ba. Su suna zama su daidaita launi kafin bugu. Shi yaronsa buɗewa yake ya danna. Sau uku aka sake, ana rage ja ana ƙara wancan, na uku ya zo kusa, na karɓa don kada in zama fitinanniya. Har yau in na fito da shi ina ganin abin da ya rasa.

Masu duhu sun fi wannan muni. Rembrandt ya zana wata tsohuwa a 1631, yana ɗan shekara 25, ta buɗe ƙaton littafi ta ɗora tafin hannu a kan shafi tana bin layi. Haske ta bayanta ya fito, fuskarta na cikin inuwa, hannun nan mai tamoji shi ya sha haske. Na zaɓe shi ne don hannun kakata ne sak, yadda take bin layi da yatsa in tana tilawa. A bugun farko, inuwar da ke da hawa-hawa, ruwan ƙasa da ja mai duhu, duk ta dunƙule ta zama baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Tsohuwar ba fuska, sai hannu yana yawo cikin dare. An ɗan buɗe hasken an sake bugawa, fuskar ta dawo amma jan mayafinta ya koɗe. Wanda zai kai masa zane mai duhu ya san da wannan.

Babban laifin dai ba na inji ba ne, na hannu ne, kuma da ban nemi gwaji ba da arba'in ɗin duka sun tafi a haka. Zane ba ya zuwa daidai da girman kati. Wani dogo ne, wani mai faɗi, wani kusan murabba'i. Yaron ya saba da katin aure, inda dole hoto ya cika takarda baki da baki. Don haka duk wanda bai cika ba sai ya ja shi ta sama da ƙasa, wanda ya yi yawa ya datse. Yarinyar Fragonard ta fito da dogon wuya kamar zalɓe. Zanen Berthe Morisot na 1873, inda ƴar'uwarta Edma ke zaune a ciyawa cikin farar riga tana karatu, koriyar laima a yashe gefe guda, mafici a ɗaya gefen, shi a kwance yake. Yaron ya tayar da shi tsaye, ya yanke laima, ya yanke mafici, saura kaɗan ya tafi da gwiwar hannu.

Na ce, "Ɗana, wa ya ce ka yanke?" Ya ce, "Hajiya, ai ciyawa ce kawai a wurin." Ban ga laifinsa can can ba, ba wanda ya taɓa gaya masa ciyawar ma mace ce ta zauna ta zana ta da hannunta. Kuma ba shi ya fara ba. A cikin katunana na asali akwai na Rogier van der Weyden da ke Landan, wanda aka yi kafin 1438, mace cikin koriyar riga a zaune ƙasa tana karatu. Wannan guntu ne na wani babban zane da aka daddatsa tun da can, har mutumin da ke tsaye bayanta ba kai, kansa yana wani gidan zane a Lisbon. Masu almakashi sun daɗe a duniya. Maganin dai mai sauƙi ne: a bar zane yadda yake, a sa shi tsakiya, a bar farin gefe ya zagaye shi. Da na faɗa sau ɗaya, mai shagon ya tsaya kan yaron har aka gyara duka, bai ƙara mini ko dala ba.

Akwai kati ɗaya da ya kusa raba mu, kuma shi na fi jin daɗin ba da labarinsa. Vermeer yana da wani zanen, na wajen 1657 zuwa 1659, yana Dresden a Jamus: yarinya a gaban buɗaɗɗiyar taga tana karanta wasiƙa, fuskarta na ɗan bayyana a gilashin tagar, kwanon ƴaƴan itace ya karkata bisa darduma, koren labule a dama. Shekaru aru-aru duniya ta san shi da farin bango fayau a bayan yarinyar. A 1979 aka haska shi aka ga akwai wani hoto a jikin bangon da aka rufe da fenti. Aka ɗauka mai zanen ne da kansa ya rufe. Sai da aka fara gyaran zanen a 2017 aka gano akwai dattin shekaru tsakanin fentin asali da na rufin, ke nan wani ne daban ya shafe bayan an daɗe da gamawa. Aka zauna da ƴar wuƙa ƙarƙashin madubin ƙara girma ana kankarewa kaɗan kaɗan, aka gama a 2021. Abin da ya fito wani yaro ne mai ƙiba riƙe da baka, wanda Turawan da ke kira Cupid, a tatsuniyoyinsu shi ke harbin mutane da kibiyar so. Kuma ba ko ɗan kamfai a jikinsa.

Mai shagon ya kira ni gefe, ya rage murya. "Madam, wanga yaro ba wando. In kin yarda sai a shafa mai fari, ba wanda zai sani." Dariya ta kusa kayar da ni. Na ce, "Malam, wani ya riga ka. Fiye da shekara 250 yaron nan na rufe, shekara huɗu aka yi ana tono shi." Shi bai yi dariya ba. Ya ce shagonsa malamai na shigowa, yara na shigowa. Na ga hujjarsa, ni ma ba zan kai shi aji ba. Muka daidaita: ya buga mini tsohon hoton mai farin bango tare da sauran, sabon kuma ya buga shi da kansa bayan ya sallami yaron, ya sa shi cikin ambulan daban ya liƙe. Yanzu ina da su biyu. In don ido ne, mai farin bangon ya fi mini, shirun ɗakin ya fi yawa. Amma mai yaron ne ke gaya maka wace irin wasiƙa ce a hannunta, da dalilin da ya sa kuncinta ya yi ja.

Bayan kati shi ne rabin kati, duk mai tarawa ya san haka. Can ake sa sunan mai zane, sunan zanen, shekara, da gidan da yake, sai layin da ya raba wurin saƙo da wurin adireshi, da ɗan akwatin tambur. Na rubuta nawa da Faransanci da Hausa, don ban taɓa ganin katin zane da Hausa a bayansa ba, kuma na so in zama ta farko a unguwarmu. Ranar karɓa na juya kati na ga "tsohuwa tana karatu" lafiya lau. Na juya na gaba, inda na sa "wasiƙa", sai ga ɗan akwati a madadin ƙ. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ take, akwati ne. Salon harafin da yaron ya zaɓa, mai lanƙwasa irin na katin amarya, bai san haruffanmu masu ƙugiya ba. A Maraɗi, a shagon Bahaushe, inji bai iya rubuta sunan garin ba. Katuna goma sha bakwai abin ya shafa. A nan mai shagon ya ɗan ja, ya ce takarda ta riga ta tafi. Na ce ni ma kuɗina sun tafi. Muka raba asara, na ƙara jika biyu, aka sake su da harafi marar ado wanda ya san ƙugiya. Laifina a ciki shi ne gwajin da na nema na gaba ne kawai, ban ce a gwada baya ba.

Kwana uku ya ce mini. Kwana tara aka yi. An ɗauke kuran yini biyu, sannan lokacin ana daf da azumi, kowa na son a ɗaura auren ɗiyarsa kafin wata ya kama, katunan gayyata sun yi tsauni a teburinsa. Kuɗin kabu-kabun da na kashe zuwa da dawowa ya kai na kati goma. Amma duk zuwan da na yi sai ya tashi ya ba ni kujerarsa, kuma bai taɓa ce mini "an gama" a waya alhali ba a gama ba.

Ya ba ni zaɓi tsakanin mai ƙyalli da marar ƙyalli, na raba biyu don in gani. Yanzu da suka ci bazara guda da damina guda a gwangwani ina iya ba da shaida. Masu ƙyallin sun fi ɗaukar ido ranar farko, amma suna riƙe sawun yatsa, kuma a zafin Afrilu, da ake wuce digiri 40, guda uku suka manne da juna, da na ɓamɓare sai da fenti ya biyo. Marasa ƙyallin ko gezau. Su ne kuma bik ke kamawa a bayansu ba ya zamewa. Yanzu ina sa farar takarda tsakanin kowane biyu, gwangwanin kuma ba ya taɓa ƙasa saboda gara.

A gwangwani suke zama, ba a bango ba. Maigidana ba ya son hoton mai rai a rataye a ɗaki, ni ma haka na taso, ba mu taɓa jayayya a kai ba. Kati ma ai ba don bango aka yi shi ba. Tun da aka fara shi a ƙasar Ostiriya a 1869, abin hannu ne, a karanta a juya a ajiye.

Guda ɗaya ne ya fita daga hannuna. Osman Hamdi Bey, Baturke da ya yi karatun zane a Paris ya kuma kafa gidan kayan tarihi na Istambul, ya zana wata budurwa a 1880, ta durƙusa bisa darduma cikin doguwar riga rawaya, littafi a buɗe kan ɗan katakon da ake ɗora Alƙur'ani, kaskon turare na hayaƙi a gefe. A Turkiyya suna kiransa yarinya mai karatun Alƙur'ani. An yi gwanjonsa a Landan a 2019 kan sama da fam miliyan 6. Hoton da muka samu nasa ƙarami ne, don haka katin bai fito da kaifi ba, kuma na gaya wa mai shagon wannan ba laifinsa ba ne. Surukata, wadda ta bi sauran talatin da tara da ido ba ta ce uffan ba, ta riƙe wannan ta daɗe, ta ce, "Wagga ta iya zama." Ta sa shi cikin jakar carbinta, ban ƙara ganinsa ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Cikin kusan sittin da nake da su, ɗaya tak ta yi zaman da muka sani. Ba mai allo, ba matan da ke tafiya Islamiyya bayan isha'i da fitila a hannu. Nana Asma'u ta rayu daga 1793 zuwa 1864, zamani guda da Corot, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye ƙauye suna karantar da mata, amma ba a bar mana zanen zamanta da takarda a hannu ba. Wannan ba abin da mai ɗab'i zai gyara ba ne.

In an tambaye ni ko a je wurinsa, sai in ce a je, amma a je da ido. A nemi gwaji gaba da baya, a ce kada a ja kada a datse, a duba ƙugiya, a zaɓi marar ƙyalli, kada kuma a je ana saura mako biyu azumi. Zane mai rawaya da ja da kore zai fito har ka kasa bambanta shi da na Paris sai ka juya baya. Mai shuɗi da mai duhu, a rage buri. Duka-duka jika goma sha uku na kashe ban da kabu-kabu, kuma a mako guda da ƴan kwanaki na samu ninki biyu na abin da na tara a shekara ashirin. Sai dai ko ɗaya cikinsu ba tambur, ba hatimi, ba rubutun hannun kowa. Shi ya sa na ware su: na asali a gaba, na Maraɗi a baya, da kwali a tsakani.

Makon jiya na koma da wasu goma sha biyu, har da zanen Mary Cassatt na 1878, mahaifiyarta da tabarau ta buɗe jaridar Le Figaro, wanda nake so in aika wa yayana Yamai ta gidan waya, tun da yanzu shi ma sai da tabarau. Ina shiga na ga yarinyar Fragonard, waccan ta gwaji mai wuyan zalɓe, an manna ta a bango tsakiyar samfurin katunan aure. Na ce, "Malam, wannan ai lalatacciya ce, ka cire in ba ka mai kyau." Ya ce a bar ta, tana kawo ciniki. Wata hajiya ta zo buga katin ɗiyarta, ta tsaya gabanta ta ce irin wannan rawayar take so a yi musu anko, har ta tambaya amaryar ƴar wace unguwa ce.